Yadda Ake Raba Gulobal Da Lokal A Gaban Suruki

Gyara zama, ɗan nan, ka ajiye wayar nan. Idan kai ne aka damƙa wa faifan kwamfuta aka ce ka rubuta firogiram da zai shiga sikimar XML ya ware elimen na gulobal daga na lokal, alhali kai ko sunan abin ba ka iya faɗa sai harshenka ya harɗe, to ka faɗo hannun da ya dace. Hanyar nan ba ta taɓa ba da kunya ba. Sau ɗaya aka gwada ta, a kan jikana Jabir, a shekarar 2006, kuma a gabana aka yi komai, sai dai abin da aka yi ba na nan, shi kuma an ba ni labari. Alkawarina gare ka shi ne, in ka bi matakan nan yadda na jera su, ko dai ka fita da firogiram mai aiki ko ka fita da mata. Biyun a haɗe ne ban yi maka alkawari ba.

Mataki na ɗaya: Ka ce ƙaramin abu ne

Duk abin da aka miƙo maka, karɓa da hannu biyu, kada ka yi tambaya. Tambaya ta ɗalibai ce, kai kuwa ka riga ka ce kai injiniya ne.

Jabir a lokacin yana aiki a shagon kwamfuta na Oga Nnadozie a Bukuru. Aikinsa kakkaɓe ƙura daga cikin injuna, korar bairos, da tsara katin biki mai furanni. Ya yi difloma, ba a hana shi ba, amma diflomar tana cikin leda a ƙarƙashin katifa, sanyin Jos na ta cin ta. Yana son Suwaiba, 'yar Alhaji Bala, wanda ke da shanun madara a gefen Vom kuma shi ne shugaban wata ƙungiyar masu shanu. Ranar da ya je gaisuwar farko, ya tuɓe takalmi tun daga bakin shinge, ya tsuguna, aka tambaye shi sana'a, bakinsa ya riga hankalinsa ya ce, “Injiniyan kwamfuta ne, Baba.”

Alhaji ya miƙe ya shiga ciki, ya fito da faifai naɗe a hankici.

“Allah ne ya kawo ka. Wasu Turawa ne ke son bayanan shanun ƙungiyarmu, don a san mu a waje. Ashraf ɗan ƙanena ya fara aikin, sai aka tura shi bautar ƙasa Kalaba. Ya ce abu ɗaya ya rage, wai a raba gulobal da lokal. Ka raba min su, sai ka turo manyanka a zauna. In ya gagare ka ma ba komai, akwai wani likitan dabbobi da ke ta aiko min da gaisuwa.”

Jabir bai taɓa jin abin ba tun da aka haife shi. Idonsa a ƙasa ya ce, “Ai ƙaramin abu ne, Baba.”

Haka ake yi. Babban abu shi ne wanda ka amsa cewa babba ne.

Mataki na biyu: Ka san abin, amma sama-sama

Sayo littafi mai kauri a kasuwar Taminus, irin wanda ake shimfiɗawa a ƙasa. Kada ka karanta shi duka, mai yawan karatu ba ya ƙiba. Buɗe tsakiya ka ɗan leƙa.

Ga abin da Jabir ya leƙo, ya zo ɗakina a unguwar Ali Kazaure ya juye min, yana shan gwatena ba tare da an ce masa bisimilla ba.

Sikima takarda ce ta cikin kwamfuta da ke faɗin yadda za a tsara sauran takardu: wane bayani ke gaba, wane ke cikin wane. Kowane bayani shi ake kira elimen. Ka ɗauke ta gida ne babba, irin na gandu. Maigida shi ne sikimar da kanta. Akwai 'ya'yan da ya haifa kai tsaye, suna zaune a zaure, kowa ya san su, kowa na iya kiransu, kuma a cikinsu kaɗai ake zaɓen wanda zai ja gaba in za a aika takarda waje. Su ne gulobal. Akwai kuma waɗanda aka haifa can cikin ɗakuna, ba su fita sai a bayan mai ɗakin. Su ne lokal. Turawan sun ce duk takardar da ba ɗan zaure ne ya ja ta ba, injinsu zai tofar da ita.

Na ce, “To angona, ba sai ka buɗe ka duba da ido ba?”

Ya ce, “Hajiya, Turawan nan kullum sai sun canja sikimar. Dole inji ya riƙa rabawa da kansa.”

Na ce, “Wato malalaci zai ƙera wa malalata malalaci.”

Ya ce in ƙara masa gwate.

Mataki na uku: Ka auna da fili

Za ka lura, kamar yadda Jabir ya lura, cewa a cikin sikima wasu layuka na farawa daf da bakin takarda, wasu kuma sun matsa ciki, wasu sun ƙara matsawa kamar masu jin kunya. Sai ka ce wa firogiram ɗinka: duk wanda ke kusa da baki ɗan zaure ne, duk wanda ya lafe ciki ɗan ɗaki ne.

Ya rubuta, ya danna, abu ya yi. Ya fito ƙofar shago ya sayi masara gasasshiya ya raba wa mutanen da bai sani ba.

Ka ji daɗin wannan matakin sosai, don ba ya daɗewa.

Mataki na huɗu: Ka ɓoye aikinka daga mai son tsabta

A shagon akwai Nkoli, mai buga takardu. Yarinyar kirki, hannunta kamar ruwan sama a kan kwano, amma ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Ko kalandar maƙwabci ce sai ta miƙe ta. Jabir ya fita sallar azahar ya bar sikima a buɗe. Kafin ya dawo Nkoli ta bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya, ta goge duk filin da ke gabansu, ta jera su a bakin takarda cif, kamar sahun Idi.

Ita sikima ko a jikinta, ashe ba ruwanta da fili, ado ne kawai. Firogiram ɗin Jabir ne ya zauce. Ya danna, sai ga kowa a zaure: saniya a zaure, maraƙi a zaure, har lambar kunnen maraƙi ta shimfiɗa tabarma a zaure.

“Nkoli! Me kika yi min?”

“Na gyara maka. Aikinka ya karkace kamar haƙorin tsoho, wani layi ya shiga, wani ya fita. In oga ya gani zai ce ba ka je makaranta ba. Ka ce na gode.”

Oga Nnadozie ya leƙo daga bayan injin kwafi, biro a kunne. “Jabir, me ya sa kana ihu? Yarinya ya taimake ka. Ni na gaya maka tun farko, ka nemi mace wanda babansa yana sayar da taya. Taya ba shi da gulobal.”

Darasin a nan: abin da Nkoli za ta iya rushewa tsakanin alwala da sallama, ba za ka kai shi gaban suruki ba.

Mataki na biyar: Ka yi kamar kana kan aiki

Yanzu ba ka da komai a hannu, don haka fuskarka ce za ta yi aikin. Tsuke gira. Rungumi littafin nan duk inda za ka, har gidan suna. In an gaishe ka, ɗaga yatsa ɗaya alamar a dakata, ka ɗan motsa leɓe, sannan ka amsa. In an tambaye ka ina aka kwana, ka ce wuta ce ba a kawowa. Wannan ba ƙarya ba ce, kuma ba wanda zai tambaye ka me ka yi da wadda aka kawo.

Kowa zai yarda, ban da yarinyar. Suwaiba tana karatun lafiyar dabbobi, ta saba gane marar lafiya tun daga tafiyarsa. Ta kira shi a waya.

“Injiniya, Baba ya ce a tambaye ka ko faifan ya fara tsiro.”

“Ai an kusa. Saura ɗan gyare-gyare.”

“To. Likitan nan dai ya sake zuwa. Ya duba shanu kaf, har wadda lafiyarta ƙalau ya yi mata allura. Da zai tafi ya gai da kare.”

“Ke me kika ce masa?”

“Ni me zan ce? Na ce kare ya gode. Jabir, ka raba abin nan. Ba na son in ƙare rayuwata da mutumin da ke warin maganin kaska.”

Ranar bai sha gwate ba. Na san abin ya kai.

Mataki na shida: Ka tambayi kowa uban da ya haife shi

Je ka kafe, wato shagon intanet. Zaɓi kwamfutar da ke kusa da fanka, ka shiga zauren da masu firogiram na duniya ke taruwa a intanet, ka zubar da girmanka ka yi tambaya. Ka yi haƙuri da shafin, yana buɗewa ne kamar tsohuwa na tashi daga tabarma.

Mutum na farko da ya amsa wa Jabir zaginsa ya yi, wai me ya sa bai karanta littafi ba. Na biyu ya zagi na farkon. Na uku, wani bawan Allah mai suna duk baƙaƙe ba wasali, ya rubuta layi ɗaya tak: ka duba wanda ya haife shi; in sikima ce da kanta, gulobal ne, in wani ne, lokal ne.

Shi ke nan fa. Abin da ya hana yaro cin abinci ke nan. Firogiram zai bi elimen ɗaya bayan ɗaya, ba ruwansa da inda ya zauna a layi, ya ɗaga kai ya dubi na samansa. Maigida ne? Wuce zaure. Ba shi ba ne? Koma ɗaki. Abin da kowace tsohuwa a unguwarmu ke yi wa yaron da ya faɗo mata gida ke nan: kai ɗan wa ne? Da ya tambaye ni tun farko da na gaya masa, in da na sani.

Mataki na bakwai: Ka yi hattara da ɗan riƙo

Kana cikin murna firogiram zai tsaya cak, ya cika fuskar kwamfuta da jan rubutu. Kada ka dake ta, ta oga ce.

Abin da ya faru, a cikin ɗakin garke akwai wani zaune da ba shi da sunan kansa. Firogiram ya ce masa yaya sunanka, ya yi shiru, sai nuni yake da yatsa zuwa zaure, wajen makiyayi. Masu abin suna ce masa ref. Mu a nan ɗan riƙo muke cewa: a ɗakin gwaggo yake kwana, a nan yake cin tuwo, amma asalinsa na zaure. Kada ka ba shi sabon suna, kada ka ƙirga shi sau biyu, in ba haka ba ranar rabon gado za a ji ku. Ka bi yatsan kawai, ka ce, “Na gane ka, gai da mutan gida,” ka wuce.

Jabir ya gyara wannan, ya gwada a kan sikimar da Nkoli ta daidaita, ya yi. Ya roƙe ta ta sake hargitsa ta yadda take so, ta hargitsa da zuciya ɗaya, ya sake yi. Don manya su fahimta, sai ya sa firogiram ya riƙa rubuta “zaure” da “ɗaki” maimakon Turancin. A karon farko a rayuwarsa abin da ya faɗa a bakin shingen Alhaji ya zama gaskiya. Ya shigo min yana tafiya kamar wanda ya gina Jos.

Mataki na takwas: Ka kai kayan da kanka

Kada ka kai faifai kawai, ba a ganin wahalarka a jikin faifai. Ari kwamfutar shago gaba ɗayanta, mai ƙaton ƙeya, ka hau acaɓa da ita. Jabir ya rungumi talabijin ɗin kwamfutar a cinya, ɗan acaɓa ya ɗora akwatin injinta a kan tanki, igiyoyi na reto, suka kama hanyar Vom hadari na bin su a baya.

Ya tarar Alhaji ya tara dattawan ƙungiya, an shimfiɗa tabarmi a rumfa. Janareta ɗaya ce a gidan, ta firjin madara, aka cire firjin aka ba kwamfuta.

A nan ne kunya ta shigo aikin. Saurayi ba ya zama a kujera gaban suruki, don haka kwamfuta aka ɗora a kujerar, Jabir ya tsuguna a ƙasa ya miƙa hannuwa sama kamar mai shanya. Sannan Alhaji, don ya ga komai da kyau, ya jawo kujerarsa ya manna ta da talabijin ɗin, kuncinsa daf da gilashi. Duban gilashin ya zama duban idon Alhaji. Jabir ya sunkuyar da kai ya ci gaba da dannawa a makance.

Alhaji ya ce, “To wa zai karanta mana? Ni tabarau na ya fashe.”

Daga bayan labulen taga murya ta ce, “Ina hangowa daga nan, Baba.”

Mataki na tara: Kada ka yi wa suruki musu

Jabir ya danna. Suwaiba ta fara karantowa.

“Ƙungiya, zaure.”

Dattawa suka ce, “Madalla.”

“Garke, zaure. Makiyayi, zaure. Yawan madara, ɗaki. Saniya, ɗaki.”

Alhaji ya ɗaga hannu. “Dakata. Maimaita na ƙarshen.”

“Saniya, ɗaki.”

“Yaro, me ake nufi da ɗaki?”

Jabir, yana magana da yatsun ƙafarsa, ya yi bayani tiryan-tiryan: ɗan zaure ne kaɗai ke iya jan takarda zuwa Turai, saniya kuwa a cikin garke aka haife ta, sai dai ta bi garke.

Kai ba ka san Balaraba ba. Saniya ce baƙa da fari, jinin waje, ranar Laraba aka haife ta a hannun Alhaji. Bargonta daban, kuma in ana ƙanƙara ita ake fara shigarwa kafin a kwashe shanya.

“Wato,” in ji Alhaji a hankali, “makiyayin nan da ya bar min maraƙi ya faɗa kududdufin kuza, shi zai je Turai shi kaɗai da sunansa. Balaraba kuma, da ta ciyar da gidan nan, sai dai a cusa ta tsakiyar garke kamar kowace saniya.”

Wani dattijo ya ce, “Abin bai yi tsari ba.”

Wani ya ce, “Injin bai san ta ba ne.”

Jabir ya san firogiram ɗinsa daidai yake. Bai taɓa yin abu daidai kamar wannan ba. Ya san saniyar sikima ba Balaraba ba ce, gurbi ne kawai na kowace saniya a duniya. Amma ta ina saurayi zai fara ce wa uban yarinya, gaban abokansa, “Baba, ba haka ba ne”? A gefen rumfa ya hango kwalin magani da likitan nan ya bari, sabo fil, ko buɗewa ba a yi ba.

Labule ya motsa. “Injiniya,” in ji Suwaiba ƙasa-ƙasa, “madara na ɗumi.”

Ya lalubi kibod, ya ƙara layi ɗaya a saman komai: in sunanki saniya, ba ruwana da wanda ya haife ki, wuce zaure. Ya danna.

“Saniya,” in ji Suwaiba, muryarta na rawa don danne dariya, “zaure.”

Alhaji ya jingina, ya shafa gemu, ya dubi dattawa ɗaya bayan ɗaya. “Kun gani? Sau ɗaya aka yi masa magana ya gyara. Yaro mai ladabi, injinsa ma ya ɗauko tarbiyya. Jabir, ka ce wa manyanka ina sauraronsu.”

Mataki na goma: Kada ka tashi da wuri

Jabir na shirin naɗe igiya wani dattijo ya yi gyaran murya. “To bijimi fa? A ce mace na zaure, namiji na ɗaki?” Aka ƙara wa bijimi layi. Wani ya ce shi shanunsa sun ƙare, akuya gare shi. Jabir ya ce a ransa akuya ko cikin sikimar ba ta, a fili kuma ya ce, “Ai ƙungiya ta kowa ce, Baba.” Akuya ta shiga zaure ba tare da an taɓa haihuwarta ba.

An aika wa Turawa. Injinsu ya tofar da takardun duka, har da na garke da ba su yi laifin komai ba. Alhaji ya ce dama ya daɗe yana zargin mutanen nan ba su san darajar dabba ba, ya sa aka daina amsa musu. Aka sa rana bayan damina, aka ɗaura aure, Nkoli ce ta buga katin, Oga Nnadozie ya zo da babbar riga har tana jan ƙasa.

Firogiram na gaskiyar, wanda ba a taɓa ba, yana nan a filash, ɗan ma'ajin kwamfutar nan kamar yatsa, cikin kwallar tufafina. Wani lokaci Jabir kan zo ya ce in ba shi ya gani. Ya juya shi a tafin hannu, ya yi ajiyar zuciya, ya mayar, ya tambaya ko akwai gwate.

Gargaɗi

Mai wannan bayani ba ta ɗauki alhakin komai ba. In Turawa suka daina gaishe ku, tsakaninku ne. In madara ta yi tsami, a dama fura. In surukinka ya shiga gari yana cewa mijin 'yarsa na iya ɗaga darajar dabba da inji, har aka fara yi maka layi da tumaki da talotalo a ƙofar shago, wani ma ya kawo ƙaninsa da ya kasa samun aiki a ga ko zai shiga zaure, kai ka jawo, kai za ka danna. Kuma in abin ya ɓaci ka zo Ali Kazaure neman wadda ta koya maka, za ka tarar da wata tsohuwa a bakin ƙofa tana gyaran acca, wadda ko rediyo sai an kunna mata. Gaishe ta da ladabi ka wuce, ba ta ji sosai.